Muryoyin da Na Ajiye a Zaure

Akwai wata magana da kuka girma kuna ji a gidan nan, cewa yayarku ce ta yi sakaci har muryoyin tsofaffin ƙauyenmu suka salwanta. Baffanku Sahabi ne ya fara faɗar ta, mata suka ɗauka suka yaɗa, ku ma na sha jin kuna maimaita ta a tsakaninku idan kuna zaton hankalina ba ya wurin. Ba gaskiya ba ce. Na sani tun ranar farko, na yi shiru, kuma shirun nan ya fi duk abin da na taɓa aikatawa nauyi a kaina. Don haka a wannan babi ba za ni ɓata muku lokaci da jerin makarantun da na koyar ba. Shekara ɗaya za ni kama, da abin da ya kai mu gare ta.

Bayan na bar aikin koyarwa na zauna a Sabon Birni, sai zaman banza ya ishe ni. Ni mutum ne mai bakin magana da taurin kai, Innarku ta sha cewa da a ce ana sayar da gardama da tuni mun gina bene. Abin da ya tayar da ni shi ne wata rigimar iyakar gona da aka yi a wani ƙauye kusa da namu, aka rasa mai raba ta, saboda tsohon da ya san inda iyakar ta bi an binne shi wata biyu kafin nan. Daga ranar na ɗauki rikoda da kaset, daga baya waya da memori, na hau babur ina bin tsofaffi. Na je ƙauyenmu, na je Gangara da Unguwar Lalle, na zauna a rumfunan kasuwar Bafarawa ranar da take ci, na shiga rugage na sha fura da ardo-ardo suna lissafa mini burtali da mashaya, rabi da Hausa rabi da Fillanci. Wane ya haƙa wace rijiya, wane gawo ne ya raba gonar wane da ta wane, daga ina kakannin wane suka taso. Tsofaffin mata suka yi mini waƙoƙin daka da na niƙa suna dariya suna rufe baki. Har Innarku, bayan ta shekara tana cewa ba za ta yi wa ƙarfe waƙa ba, wata rana tana tankaɗe ta manta da ni, ta rera wadda kakarta ke yi mata, ni kuwa na danna.

A cikinsu duka babu kamar Baba Na-Allah. Shi ne mafi tsufa a ƙauyenmu, idonsa ya tafi amma kansa garau, kuma bakinsa ba ya tsoron kowa. Kwana tara na yi ina zuwa wurinsa. Ya bi gonakin ƙauyen ɗaya bayan ɗaya daga gabas zuwa yamma yana zaune a kan buzunsa, bai tsallake ko kunya ɗaya ba. Ranar ƙarshe da na tashi naɗe kayana, sai ya laluba ya kama hannuna.

"Malam Isiyaku, maganag ga da nib ba ka, ina za ta kwana?"

"Gidana, Baba."

"To, ta kwana gidanka. Wanda duk ka son ji shi taho zaurenka shi ji. Amma kak ka ɗauke ta ka kai ajiya hannun wanda bai san mu ba. Amana ta."

Na ce na ɗauka. Bai kai damina ta gaba ba.

Yayarku ita ce 'yar farina, kuma kun san al'adarmu a kan ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ni na riƙe wannan al'ada da ƙarfi fiye da yadda ubana ya riƙe ta a kaina. "Ke" nake ce mata, idan kuma da wani nake magana sai in ce "yarinyar nan", har bayan ta yi aure ta haihu. Ita ta karanta kwamfuta a Sakkwato, a can take aiki. Wata zuwa da ta yi ta tarar da ni na baza kaset-kaset a tabarma ina kakkaɓe su, sai ta ce me zai hana a ɗora su a intanet, mutanenmu da ke Legas da Maraɗi da Kano su ji iyayensu. Ta ce hanya biyu ce. Ko dai a kama hayar wuri a wajen kamfanonin da ke da manyan kwamfutoci a ƙasashen waje, su riƙe shafin, ko kuma a sami kwamfuta a ajiye a gida, ta zauna a kunne, duk mai son ji daga ko'ina ya shigo ta cikinta. Ta ce ta farkon ta fi aminci. Ni kuwa ina jin ta biyun na ce an gama, wannan ai shi ne zauren da Baba Na-Allah ya faɗa.

Muka je garin Isa muka sayo wata tsohuwar kwamfuta a wani shagon buga takardu da ke shirin rufewa, muka ɗauro ta a bayan mota cikin bargo. Yayarku ta kwashe mako uku tana juye kaset da memori, tana rubuta sunan kowane tsoho da garinsu. Aka kafa sola a kan rufi, aka jera batir biyu a ƙarƙashin benci, aka sa wani ɗan akwati mai layin waya a taga inda sabis ya fi kamawa. Ta yi dabarunta, ta ba shafin suna, ta ce in gwada a wayata. Na danna, sai ga muryar Baba Na-Allah tana fitowa daga tafin hannuna, alhali ga akwatin da take ciki a gabana yana gurnani. Ban ce mata sannu ba. Na dai ce, "To, ya yi."

Fanka ɗaya gare mu a gidan, aka ba kwamfuta, saboda an ce zafi na kashe ta. Innarku ba ta taɓa yafe mata wannan ba. Ta sa mata suna Maigida, kuma idan bazara ta tsananta sai ta leƙo zaure tana fifita da gefen mayafi.

"Malam, a gaishe da Maigida. Shi ka shan iska, mu talakkawa muna dahuwa. Shina son kunu ko hura?"

Amma ita ce ke goge mata ƙura kowace safiya, ita ce kuma ke korar kyanwa idan ta hau kai neman ɗumi. Shekarun nan biyu su ne mafi daɗi a tsufana. Wani mai sayar da goro a Legas ya kira ni, ya yi sallama, sai kuka ya ci ƙarfinsa, da ƙyar ya ce mini shekara ashirin rabonsa da muryar uwarsa. An raba rigimar gona biyu da abin da ke cikin akwatin nan. Na yi alfahari, kuma ba za ni ɓoye muku ba, alfaharin ya wuce kima. Ina ganin duk wanda ke son jin Gobir ta wajenmu dole ya biyo ta zaurena.

Sai daji ya lalace. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, kun rayu a ciki. Hanyar da nake bi da babur in dawo kafin la'asar ta zama sai an tambaya kafin a shiga. Rugagen da na sha fura suka watse, wasu ardo-ardon da na ɗauka an kashe su, wasu sun tsallaka iyaka. Yayarku ta fara matsa mini. Duk zuwan da za ta yi sai ta tayar da maganar, tana durƙushe a bakin ƙofa, kanta a ƙasa, amma ba ta janyewa.

"Baba, kwamfutag ga tsohuwa ta. Faifan da ac cikinta ranar da duk yag ga dama shina iya tsayawa. A bar ni in aje kwafi guda can waje."

"Waje ina?"

"Wurin masu ba da haya."

"Kin san su? Sun san kakanki?"

"Baba, ai ko yanzu duniya duk tana jin abin ga. Mi ab bambanci?"

"Bambanci shi na, baƙo shi taho zaurena shi ji magana daban, in ɗauki magana in kai ɗakin baƙo daban. Na yi alkawali."

Da ta ga ba ta ci nasara ba, sai ta kawo mini wani ƙaramin faifai mai girman tafin hannu, ta juye komai a ciki, ta ce in ajiye shi nesa da kwamfutar, wurin da abin da ya sami ɗaya ba zai sami ɗayan ba. Wannan shawara ta yi mini daidai, don na san wurin. Tun kakanninmu, abu mai daraja a rumbu ake ajiye shi. Takardar gona, 'yan kunnen zinariya, layar gado, a sa a ƙwarya a tura cikin damman gero. Rumbu yana nesa da ɗakunan kwana, gobarar murhu ba ta kai masa, maigida kaɗai ke shiga, kuma a zamanin da na tashi ko ɓarawo yana jin kunyar fasa rumbu. Na naɗe faifan a fata, na haɗa da kaset-kaset ɗin asali da memori duka, na zuba a wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, na ɗauka da kaina zuwa ƙauye wata ranar da hanya ta yi sauƙi. Na tura ta can ƙasan babban rumbun gidanmu. Na dawo ina jin na yi abin da ya fi na 'yan boko hikima. Da na gaya wa yayarku inda na kai, ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta saba yi ba, sannan ta sunkuyar da kai.

Bayan wata uku ko huɗu aka yi kwana biyu ana hadari babu rana, batir ya mutu, kwamfuta ta ɗauke. Ina zaune a zaure da hantsi, akwatin shiru, fanka a tsaye, sai wani ɗan ƙauyenmu da ke Maraɗi ya kira ni yana godiya. Ya ce ga shi nan yanzu haka shi da 'ya'yansa suna sauraren kakansu. Na ce yanzu? Ya ce yanzu, har ya kara mini wayar a bakin lasifika. Na ji muryar da kunnena. Na dubi akwatin da ke gabana a mace, na gane abin da aka yi mini.

Na aika wa yayarku cewa ina neman ta. Ta zo ranar Asabar da ƙaramar kwamfutarta a jaka. Ba ta musa ba. Ta ce ta kama hayar wurin da albashinta, ta ɗora komai, ta tsara yadda idan ta gida ta ɗauke sai ta wajen ta karɓa. Ta ce ta yi ne don tsoron ranar da za mu wayi gari babu komai. Ni kuwa ba tsoronta na ji ba. Abin da na ji shi ne an yi mini wayo a cikin gidana, an maida alkawarina wasan yara, kuma 'yar da na haifa ce ta yi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ba na jin kira.

"Ki shahe shi. Yanzu, gabana."

Innarku ta fito daga cikin gida hannunta da gari.

"Malam, ka yi haƙuri ka kwana bisa maganag ga. Na-Allah ya riga mu gidan gaskiya, kuma shi bai san intanet ba. Abin da yaka gudu a ɓata magana tai, ba a tsare ta ba."

"Ba da ke nika ba."

Yayarku ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma. Ta yi 'yan danne-danne, wani ɗan akwati ya fito a fuskar allon da jan rubutu. Sai ta juyo da ita wajena, ta ɗauke hannuwanta ta ɗora a cinya.

"Baba, in an danna nan ba ya dawowa. Ni ba ni iyawa. In ka ga hakanan ad daidai, kai za ka danna."

Ina so ku karanta wannan da kyau. Ta ba ni dama in fasa. Ta zauna tana jira, hawaye na zuba, ba ta share ba. Innarku tana tsaye a bakin ƙofa. Ni ne na miƙa yatsa na danna. Abin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Na tashi na tafi masallaci ina jin na cika amana.

Da kaka, bayan an gama ɗaure gero an cika rumbuna, aka shiga ƙauyenmu da rana tsaka. Ina cikin gari, sai mutane na gani suna shigowa a ƙafa, mata da goyo, tsofaffi a kan amalanke. Abin da suka fara faɗa shi ne an ƙone rumbuna. Ba ɗakuna aka fara bi ba, rumbuna aka bi ɗaya bayan ɗaya, don mutane su rasa abin da zai zaunar da su. Duk lissafina na kakanni ne, na gobarar murhu da ɓarawo mai kunya, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda zai zo musamman don ya ƙone abinci ba. Baffanku Sahabi ya ce namu kwana biyu yana hayaƙi. Daga baya wani ya kawo mini tukunyar, ta yi baƙi, murfin ya lanƙwashe. Abin da ke ciki ya narke ya zama dunƙule ɗaya, ba ka bambance kaset da fata.

A kwanakin nan ne kuma aka datse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya. Shafin ya ɗauke wa duniya, babu kira, babu saƙo. Mai son magana da wani sai ya nemi tudu wajen iyaka ko layin Nijar zai kama. Abin da ya rage na aikin shekarun nan duka shi ne tsohuwar kwamfutar nan da muka sayo a Isa, a zaurena. Yayarku ta ji labari a Sakkwato, ta ba wani direba wasiƙa, ta iso hannuna bayan kwana shida. Layi huɗu ce. Ta gaishe mu, ta yi mana jaje, sannan ta ce: Baba, don Allah a kashe kwamfutar, a cire ta daga wuta, a rufe ta, kada kowa ya kunna har in samu hanya in zo da sabon faifai.

Na karanta, na ninke, na sa a aljihu. Gidanmu a lokacin cike yake da mutanen ƙauye, har a zaure ake kwana. Mutanen da ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu. Wata safiya wata mata mai suna Tumba, 'yar Baba Na-Allah, ita ma ta manyanta, ta zo ta durƙusa gabana.

"Malam, an ce tsohona na cikin akwatin ga. Ban hito da ko buzunai ba. A bar ni in ji shi ko sau guda."

Ku gaya mini yadda za a ce mata a'a. Na kunna. Muryarsa ta cika zauren yana bin gonaki daga gabas zuwa yamma, mutane suka taru har waje, kowa na jiran a zo kan tasa. Idan ya ambaci gawon wane, sai ka ji mai gonar ya ce, "Nan na, nan na." Gonakin da ba su san ko za su sake takawa ba. Daga ranar zauren bai sake zama babu kowa ba. Wannan na son ubansa, wannan na son kakarta. Ga kuma masu roƙon a sa musu fitila da rediyo a caji, a batir ɗin da dama ya gaji. Kwamfutar ta riƙa ɗaukewa ana tsakiyar magana, sau uku, sau biyar a yini, ni kuma ina sake kunnawa. Na gaya wa kaina cewa tausayi ne. Akwai tausayi a ciki, amma akwai kuma daɗin da nake ji idan zaurena ya cika ana cewa Allah ya saka wa Malam. Wasiƙar tana aljihuna duk tsawon kwanakin.

Ranar wata Laraba ta ɗauke, na kunna, sai na ji wani ɗan sauti daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, allo kuma baƙi. Na kashe na kunna. Na sake. Na yi ta yi har azahar, ina bubbuga gefenta kamar yadda muke yi wa rediyo. Daga baya masu gyara a Sakkwato suka ce da an bar ta tun ƙarar farko da wataƙila an ceto wani abu, amma kowace kunnawa ƙara kankare faifan take yi.

Yayarku ta iso bayan kwana tara, ta biyo ayarin motoci, ta yi yini guda a hanyar da ba ta kai haka ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta durƙusa gaban akwatin, ta kunna sau ɗaya, ta kasa kunne, ta kashe. Ta zauna a ƙasa da sabon faifan a hannunta cikin ledarsa. Zauren cike yake, kowa ya zuba mata ido. Sai Baffanku Sahabi ya yi magana, da ƙarfi, don kowa ya ji.

"To, ina amfanin bokon? Ke kih haɗa abin ga. An ce masu ilimi na aje irin wanga wuri biyu, wuri ukku. Ke kin bar muryar iyayenmu cikin tsohon akwati guda, kina can birni. Yanzu mi za ki ce ma mutanen ga?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na biyu a rayuwarta da na san ta yi haka. Ba ta roƙe ni komai ba, ta dai duba. Kalma goma sun isa. In ce ta ajiye, ni na goge. In ce ta rubuto a kashe, ni na kunna. Ga wasiƙar a aljihuna, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. Amma ga Tumba a zaune, ga mutanen da suka yi mako uku suna sa mini albarka. Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Duk wanda ya gan ni zai ce kunyar 'yar fari ce, uba ba ya tsaya wa ɗan fari a gaban jama'a. Na bar su suka zaci haka. Ba kunya ba ce, tsoro ne.

Ta kwana ɗaya ta koma. Da za ta tafi ta durƙusa ta yi mini sallama kamar kullum. Innarku ta raka ta tasha, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Malam, shekara arba'in ina zaune da taurin kanka, ban taɓa jin kunyarka ba sai jiya."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, don ba ta tona asirin miji. Fankar ta koma ɗakinta, ba ta ko yi mini ba'a a kai ba, kuma rashin ba'ar ya fi mini ciwo. Bayan shekara biyu ta rasu, da gaskiyar a cikinta. Autarku ta tambaye ni bayan sadakar bakwai ko waƙar tankaɗen nan tana wani wuri, ko a wata tsohuwar waya. Na ce babu. Na ji ta shiga ɗaki tana cewa da Yaya ta yi aikinta da yanzu muna jin Inna. Nan ma na yi shiru.

Na gwada komawa aikin. Na sayi littafi na zauna in rubuta abin da na tuna daga bakin Baba Na-Allah. Na kai gona ta goma sha wani abu sai na fara shakka, gawon nan na gabas ne ko na arewa. Waɗanda za su gyara mini sun mutu, ko suna wata ƙasa. Ko da an koma ƙauyen gobe, za a koma ne a yi ta rigima a kan iyakokin da babu mai shaida. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne muryar Innarku. Kalmomin waƙar suna nan a kaina, amma idan na nemi yadda take jan ƙarshen baiti, sai in ji tawa muryar ce ke amsawa. Kwamfutar tana nan a zaure ƙarƙashin benci, na hana a jefar, ba don tana da amfani ba.

An ba ni amana a ce ta kwana gidana, ta kwana gidana har ta mutu a nan. Ban san abin da za ni gaya wa Baba Na-Allah ba idan mun haɗu. Yayarku kuwa har yau tana aiko mini da magani da shadda duk salla, tana kira ta gaishe ni, ba ta taɓa ambatar ranar Asabar ɗin nan ba, ko ga mijinta ban ji ta faɗa ba. Ta bar ku kuna ganin laifinta shekara da shekaru don kada ku ga nawa. Wasiƙarta tana cikin wannan littafi, na maƙala ta a bangon baya, ku buɗe ku karanta layi huɗun da idonku, ku kai wa Baffanku shi ma ya gani.

Tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba, kuma na san ko yanzu idan ta shigo "ke" za ni ce. To bari hannuna ya yi abin da bakina ya kasa. Sunanta Rabi'atu. Rabi'atu ta ajiye, ni na goge.